Marayun Gonar Gwaggo Mai Toka

Duk unguwarmu babu wanda bai san Gwaggo Mai Toka ba. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, lokacin da Allah ya yi masa rasuwa. Sunan ba na yabo ba ne da farko. Matan unguwa ne suka laƙaba mata shi, saboda kullum da safe tana bin gidaje da kwando a ka, tana karɓar tokar murhu da kashin awaki da duk sharar da za ta iya ruɓewa. Wasu su ba ta suna toshe hanci, wasu su ba ta suna dariya. Ita kuwa ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Ko a asibiti aka tambaye ta, sai ta faɗi na gaskiya, sannan ta ƙara da cewa, "Amma idan kuna so in waiwayo, ku ce Mai Toka."

Ni ce mai rubutu a gidanmu. Tun ina sakandare nake cika littattafai da wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da shekarar da ruwa ya ci katangar baya, da duk abin da Gwaggo ta tuna na shekarun da ban yi wayo ba. Shi ya sa take kirana Sakatare.

Kakanmu ya bar gona ɗaya a bakin titi, da 'ya'ya uku. Gwaggo ce babba, sai mahaifina, sai Baffa, wanda har yau da furfurarsa Gwaggo ke kiransa Auta. Ba a taɓa raba gonar a takarda ba. Da baki aka yi, aka ja layi da sanda daga tsohuwar rijiya zuwa titi. Baffa ya zaɓi gabas, inda ƙasa ke da sauran danshi. Yamma ta faɗa wa Gwaggo da mahaifina, kuma yamma fako ce, irin ƙasar nan da ta daskare kamar daɓen siminti, ruwan sama ya sauka ya gudu, ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro. Da mahaifina ya rasu, rabonsa ya koma hannun Gwaggo tare da ni. Takardar gonar gaba ɗaya kuwa tana cikin akwatin Baffa.

Kafin gona, shekara goma sha ɗaya Gwaggo ta yi tana shara a makarantar firamare. Ta ce a can ta yi nata karatun, a bayan aji shida inda take zubar da shara. Duk harabar makarantar jar ƙasa ce, amma a wannan wurin tumatir da kabewa ke fitowa ba wanda ya shuka su. Don haka da aka ba ta fako, sai ta sayi diga. Da rani take haƙa ramuka, kowane kamar faɗin kwano, ta zuba toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen kara, ta rufe. Ba ta ƙona kara bayan girbi, a kwance take barinsa. Gara ta zo ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Mutane na neman maganin gara, ita tana cewa, "Ku bar min ma'aikatana, su kaɗai ne ba sa tashi cin abinci." Tsakanin masara ta sa wake. Kowace shekara sai ta ƙwace taku goma ko ashirin daga hannun fakon.

Baffa kuwa ya yi noma shekara uku da takin buhu, yana ƙone kara don gona ta yi tsabta. A ta huɗu taki ya yi tsada, ya buɗe shagon kayan gyaran babur, bai sake waiwayar gabas ba. Cikin shekara goma sha tara gonar ta juya. Yamma ta yi baƙi ta yi laushi, gabas ta zama fako.

Ana nan gari ya matso. Wani mai buga bulo ya ga gonar, ya ga titi, ya ga yashin da ke ƙarƙashi, ya sami Baffa a shago. Washegari Baffa ya zo gidanmu, ya zauna a kan turmi bai ko cire hula ya sha iska ba.

"Yaya, mutumin nan ba rabi yake so ba, duka yake so."

"To ka sayar masa da rabinka, ka ba shi haƙuri."

"Tifa ba ta da hanyar shiga sai ta wajenki."

"Ashe tifa ce ba ta da hanya. Ni ina da tawa."

"Takarda fa tana hannuna."

"Ta zauna a hannunka, Auta. Ka shuka ta mu ga abin da za ta tsirar."

Baffa ya tashi yana cewa bayan girbi za a yi ta ta ƙare. Kuma mun san zai iya, don sunansa ne a takardar.

A wannan bazarar ce Malama ta zo. Ɗaliba ce a jami'a, tana digiri na uku a kan gyaran ƙasar da ta mutu. Siririya, mai tabarau, da jaka cike da igiya da turaku. Ta ce tana cikin mota ta hango gona rabi baƙa rabi ja, ta ce wa direba ya tsaya. Ta yi mana bayani cewa akwai wata gidauniya da ke tallafa wa ɗalibai irinta, amma da sharaɗi: ba a lambun jami'a za a yi binciken ba, sai a gonar manomi na gaskiya, kuma da shi za a yi, sunansa kusa da nata. Za a ba da tallafin shekara ɗaya. Idan sakamako ya nuna wani abu, a ƙara shekara biyu. Sannan mai takardar gona zai sa hannu cewa ba za a sayar ba muddin aikin na tafiya.

Gwaggo ba ta ji komai a cikin bayanin ba sai wannan na ƙarshen.

Baffa ya sa hannu ba gardama. Ya lissafa cewa shekara ɗaya ba komai ba ce, kuma allon jami'a a bakin gona zai ɗaga mata daraja. Aka kafa allon. Gwaggo ta sa na karanta mata shi sau uku, har inda aka rubuta "abokiyar bincike".

A ƙuryar arewa, daf da titi, akwai sauran fako da hannun Gwaggo bai kai ba tukuna. Nan Malama ta ja igiya ta fitar da layuka goma sha biyu. Takwas ta kafa musu fararen turaku, huɗu ta kafa musu jajaye.

"Mama, masu fararen nan za ku yi musu yadda kuka saba. Masu jajayen kuma iri kawai za a zuba a yi musu noma. Ba toka, ba taki, ba rami."

Gwaggo ta dube ta. "Laifin me suka yi?"

"Ba laifi ba ne. Da su za mu kwatanta. Idan ba a ga wanda aka hana ba, ba za a san amfanin abin da aka ba ɗayan ba."

"Wato in shuka abu da hannuna, in tsaya ina kallo yana jin yunwa, don wani mai kujera ya gane toka na da amfani."

"Haka tsarin yake, Mama."

"Mai Igiya, kina da 'ya'ya?"

"Tukuna."

"Na gani."

Amma ta yarda. Tun daga ranar take kiran layukan nan huɗu marayu.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Da aka yi wata ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane. Masarar fararen turaku ta kai ƙugu, kore shar. Marayu ko gwiwa ba su kai ba, ganyensu rawaya, suna naɗewa tun hantsi. Malama ta zo duk Talata tana awo tana murna, don abin da take nema ke nan. Gwaggo kuwa ta daina cin abincin kirki. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, biyu daga cikin marayun sun faɗo a bakin titi. Masu wucewa ba su san zancen turaku ba. Sai ka ji mai babur ya rage gudu ya ce, "Mai Toka, yau tokar ta daina ci ne?" Wata rana Baffa da kansa ya tsaya ya ce, "Yaya, ashe ke ma kin iya irin nomana."

Bayan kwana biyu na tashi da safe na tarar babu Gwaggo, babu bokiti biyu, kuma gangar da take jiƙa taki a ciki ta ragu. Ta dawo rana ta ɗan ɗaga, ƙafafunta fari fat da toka.

"Gwaggo, ina kika je?"

"Gaisuwa."

"Da bokiti?"

"Sakatare, wannan ba ya shiga littafi."

Ban gaya wa Malama ba, kuma wannan laifina ne. Amma hannuna ya saba. Duk ranar da ta fita da bokiti sai na rubuta kwanan wata da abin da ya ragu. Sau goma sha ɗaya ta je. Tana tona gefen kowace shuka da yatsa, ta cusa toka da taki, ta zuba ruwan ganga, ta rufe, ta share sawunta da reshe.

Marayu suka farfaɗo. Malama tana zuwa tana awo, tana cire tabarau tana gogewa tana sake dubawa. Ta ce wataƙila ruwa ne ke gangaro da taki daga sauran layukan. Gwaggo ta ce, "Allah ne mai rayawa," ta ci gaba da cire ciyawa.

Ranar girbi aka rataye sikeli a reshen bishiya, aka auna layi bayan layi. Bambancin da ke tsakanin fararen turaku da jajaye bai taka kara ya karya ba. Malama ta zauna a kan buhu ta daɗe tana kallon takardarta. Can ta tashi ta ɗauki ƙaramin shebur ta nufi marayu. Ta tona wuri ɗaya, ta tona na biyu, ta tona na uku. Ta dawo ta buɗe tafin hannunta a gaban Gwaggo. Toka ce da ƙwayoyin kashin awaki.

"Mama, awaki ne suka tona rami suka binne wannan?"

"Awakin unguwar nan suna da hankali."

"Mama."

Gwaggo ta ajiye masarar da take ɓarewa. "Ni ce. Kuma ko gobe aka sake, zan sake. Shekara goma sha tara ban taɓa wuce shuka tana kuka na yi kamar ban ji ba."

Malama ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce, "Abin da takardata za ta nuna yanzu shi ne, aikinku da rashinsa duk ɗaya ne. Ba za su ƙara shekara biyun ba. Ni zan koma in fara daga farko, wannan nawa ne. Amma ranar da tallafin ya tsaya, hannun da Baffa ya sa ya tashi."

Gwaggo ta ɗaga kai. Ta kalli allon, ta kalli titi inda tifofi ke wucewa.

Da kunya nake rubuta abin da ya biyo baya, amma haka aka yi. Ni ce na ce, "Malama, ai mun san yadda suke kafin a taɓa su. Ba za ki rage nauyin marayun a takarda ba?"

Su biyun suka juyo suka dube ni lokaci ɗaya. Malama ta ce ba za ta iya ba. Gwaggo ta ce, "Na saci hanya na ciyar da mai yunwa, wannan na ɗauka. Ƙarya a kan ƙasar ubana kuwa, ba da sunana a allo ba."

Bayan mako biyu jami'in gidauniyar ya zo duba aiki. Dattijo ne mai sanyin magana, da takalmi mai sheƙi wanda bai san gona ba. Baffa ma ya zo, ya sa babbar rigarsa, don labari ya riga ya kai masa, kuma an ce tun jiya mai bulo ya aiko a auna faɗin hanyar tifa. Malama ta tsaya ta faɗi komai yadda yake, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ɗora wa kowa ba. Ta ce ita ce ba ta yi bayani yadda ya kamata ba.

Jami'in ya jinjina kai. "Na yaba da gaskiyarki. Amma ba mu da abin kwatantawa. Ba zan iya komawa in ce wa kwamiti na ga masara mai kyau ba. Kowa na da masara mai kyau a bakinsa."

Ya fara rufe jakarsa. Sai Gwaggo ta ce, "Yallaɓai, tambaya gare ni. Ni ce abokiyar bincike, ko allon ƙarya yake?"

"Ke ce, Mama."

"To abokiyar bincike za ta yi magana. Abin da kuke nema ƙasa ce da aka hana komai, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ta wata huɗu kuka ce in yi muku. Ni ina da ta shekara goma sha shida. Mai Igiya, ɗauko gwangwaninki."

Malama na da wasu gwangwanaye marasa gindi da take kafawa a ƙasa, ta zuba ruwa, ta duba agogo ta ga yadda ƙasa ke sha. Gwaggo ta yi gaba, muka bi ta har tsohuwar rijiya, inda aka ja layin rabo. Ta tsaya ƙafa ɗaya a yamma, ɗaya a gabas.

"Uba ɗaya, gona ɗaya, ruwan sama ɗaya. Ranar da aka raba, wancan ɓangaren ya fi nawa, mai shi yana nan tsaye, a tambaye shi. Ni na ba nawa toka. Shi ya ba nasa haƙuri."

Aka kafa gwangwani ɗaya taku uku cikin yamma. Da hannu Malama ta danna shi ya shige. Na gabas sai da aka buga da dutse. Aka zuba ruwa daidai wa daida. Kafin jami'in ya gama gyara agogonsa, na yamma ya shanye, sai ƙasa baƙa tana ƙyalli. Na gabas ya tsaya. Muka tsaya muna kallonsa. Minti biyar, minti goma. Har wata kaza ta zo ta sa baki ta sha, Malama ta kore ta. Baffa ya ce rana ta yi zafi.

Jami'in ya durƙusa, bai damu da wandonsa ba, ya damƙi ƙasar yamma ya murza ya shinshina. Ya ce, "Wannan abin gani ne. Amma sai an san abin da aka yi wa kowane ɓangare, shekara bayan shekara. Ba a gina bincike a kan na tuna."

Gwaggo ta ce, "Sakatare."

Na ruga gida na kwaso littattafaina guda bakwai. A ciki akwai shekarar da ta fara rami, da inda ta kai kowane rani, da shekarar da ta fara sa wake, da shekarar da Baffa ya ƙone kara na ƙarshe ya tafi. Har da ranaku goma sha ɗaya na bokiti. Da jami'in ya karanto wannan shafin a fili, Gwaggo ta harare ni ta ce, "Na ce miki ba ya shiga littafi." Malama kuwa ta riƙe littafin kamar za a ƙwace mata.

"Kuma ba ni kaɗai ba ce," in ji Gwaggo. "Akwai mutum biyar da suka gama yi min dariya suka koma suna haƙa rami a ɓoye. Kowannensu yana da maƙwabcin da bai yi ba. Ku je ku auna su. Ba sai kun sa wani ya hana shukarsa abinci ba, masu hanawa suna nan da yawa, kyauta suke yi."

Jami'in ya yi dariya, sannan ya ce bai yi alkawari ba. Ya ce Malama ta sake rubuta tsarin cikin mako biyu, gona da gona, kowace da maƙwabciyarta. Amma dole mai gabas ya sa hannu cewa zai bar ɓangarensa yadda yake har shekara biyu, ba sayarwa, ba gyara.

Kowa ya juya ya kalli Baffa.

"Auta, yau an zo neman aikin da ka fi kowa iyawa. Cewa aka yi kada ka yi komai."

Baffa ya kaɗe rigarsa ya hau babur ya tafi.

Kwana goma Malama tana rubutu, takardar sa hannu tana cikin jakata ba hannun kowa a kanta. A rana ta goma sha ɗaya Gwaggo ta gama zagayen tokarta, maimakon ta nufi gona sai ta nufi kasuwa, ina biye da ita. Ta sauke kwandon a ƙofar shagon Baffa, tsakanin tayoyi da galan na baƙin mai, ta zauna a benci. Masu sayen kaya suka fara ja da baya suna fifita hanci.

"Yaya, mene ne haka?"

"Hutawa nake. Ko bencin ma ka sayar?"

Ya sallami wanda ke gabansa, ya zo ya zauna a ɗaya gefen bencin. Ya yi magana a hankali, yadda ban saba ji daga gare shi ba. Ya ce shagon ba ya tafiya kamar da. Ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, 'ya'yansa uku suna makaranta, kuma shi bai ga abin da fako zai yi musu ba. Ya ce, "Ke kina ganin Baba a cikin ƙasar nan. Ni jar ƙasa nake gani."

Gwaggo ba ta yi masa gatse ba. Ta ce, "Ka ba ni shekara biyun nan. Ranar da aka cire turaku, zan shiga gabas da digata. Abin da ya fito naka ne da 'ya'yanka, ko ƙwaya ba na so."

"Kin tsufa, Yaya."

"To sa hannu ka ga ko zan mutu kafin lokacin."

Sai na ga murmushi ya fara taruwa a gefen bakin Baffa. Ya ce, "Kawo takardar, Sakatare. Amma da sharaɗina, kuma ki rubuta a littafinki. Wata huɗu aka ce ta bar layi huɗu, ta kasa. Yanzu rabin gona ne, shekara biyu, kullum a gaban idonta. Ranar da na sami ko tsunkulen toka a gabas, magana ta tashi, in kira mai bulo. Na san yayata. Ba za ta iya haƙuri har girbin farko ba."

Gwaggo ta ce, "Rubuta."

Na rubuta, ya sa hannu. Bayan wata ɗaya saƙo ya zo wa Malama cewa an amince.

Shekara biyun nan su ne mafi wuya da na ga Gwaggo ta yi. Kafin ta watsa toka kusa da layin rabo sai ta ɗebi ƙasa ta saki ta ga inda iska ke kaɗawa. Idan gabas take yi, ta fasa sai gobe. Ta daina bi ta gefen rijiya da kwando a ka, wai kada ta yi tuntuɓe. Da damina, idan ruwa ya sauka yana gudu a kan fakon Baffa yana tafiya da sauran ƙasar, takan tsaya a kan layi hannuwanta a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya. Wata rana na ji tana ce wa gabas, "Ki yi haƙuri, ina sane da ke."

Baffa kuwa duk ranar da shago ba ciniki sai ya zo bincike. Ya bi layin da sanda yana tonawa, yana shinshinawa. Gwaggo ta ce a shekara goma sha shida bai taka gonarsa kamar yadda ya taka ta a wata shida ba. Bai taɓa samun komai ba. Tun yana tsayawa a gabas, har na fara ganinsa yana tsallakowa yamma, yana tambayar me ya sa ramin wannan shekarar ya fi na bara zurfi. Mai bulo ya jira damina ɗaya, ya aiko sau biyu, daga baya ya sami fili a hayin titi ya kafa injinsa. Muna jin ƙararsa daga gona.

Watan jiya Malama ta gama awonta na ƙarshe a gonaki goma sha biyu. Ta kawo mana kwafin littafin da ta rubuta, mai kauri kamar bulo, da sunan Gwaggo a shafin farko. Gwaggo ta auna nauyinsa a hannu ta ce, "Duk wannan don a ce toka na da amfani," ta ba ni in ajiye tare da nawa.

Ranar cire turaku tun da sassafe muna gona. Malama ta bi layi tana tumɓukewa, Baffa na tsaye da hannu a aljihu. Da turken ƙarshe ya fita, ya yi gyaran murya.

"Yaya, kin ci wannan. Amma ki sani takarda tana nan a akwatina. Ban ce ba zan taɓa sayarwa ba."

Gwaggo ba ta ko dube shi ba. Ta sauke kwandon toka daga kanta ta miƙa masa.

"Riƙe min, Auta. Kada ka zubar."

Ya karɓa. Ta ɗauki diga, ta tsallake layin, ta ƙirga taku uku cikin gabas, ta ɗaga ta sara. Ƙasar ta yi ƙara kamar an bugi ƙarfe, ɗan ɓarɓashi kawai ya tashi. Ta gyara tsayuwa ta sake sarawa. A sara na shida bakin digar ya shige. Ta faɗaɗa ramin ya kai faɗin kwano, sannan ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwayo ba.

Baffa ya matso da kwandon.